Zanen da Kaka Ta Aike Ni Nema

Man shanu idan ya kwana biyu a rufe cikin gwangwani yana da wani wari nasa, ba na lalacewa ba, ba kuma za ka kira shi ƙamshi ba. Makon jiya matar maƙwabcinmu ta dawo daga ƙauye ta aiko mana da shi tsaraba. Uwar ɗiyana tana buɗe murfin sai na ajiye cokali. Ta ce lafiya? Na ce lafiya lau. Amma a wannan lokacin ba na Yamai. Ina can gindin wani jan dutse a ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi, damina ta yi tsaka, kakata ta riƙe haɓata tana juya fuskata dama da hagu kamar mai tayin akuya a kasuwa.

Bari dai in faro maka daga tushe, don in na shiga ta nan ba za ka gane abin da ya kai tsohuwa cikin daji da gwangwanin mai ba.

Garinmu ɗan ƙauye ne a gefen Ɗan Kassari, ba shi da abin nunawa sai gero da wake da jakuna masu taurin kai. A lokacin ina aji na biyu a kolej, a Dogon Dutsi, ina zaune gidan kawuna. Karatu ina yi daidai gwargwado, amma abin da ya shiga jinina shi ne zane-zane. Ban bar bayan kaye ba, wato littafin rubutu, ban bar bangon makewayi ba, har ƙyauren shagon kawu sai da na yi masa raƙumi da gawayi. Na sha dukan raƙumin nan, kuma har gobe ina ganin ya yi kyau.

Da shekarar karatu ta zo ƙarshe, madam ɗinmu ta Faransanci ta tsayar da mu, mu kaɗan, bayan an tashi. Ta ce cikin babban hutu za a tara yaran kolej daga Dogon Dutsi da Tibiri da wajajen Dumega, a kai su daji su yi 'yan makonni, wani gwani daga Yamai ya koya musu desan, abin da mu muke ce wa zane. Ci da kwana duk an ɗauke mana. Abu ɗaya ake nema, yardar uba. Na fito ajin nan bakina har kunne.

Da na koma ƙauye na kai maganar, Baba bai ma bari na kai aya ba. Yana zaune yana gyara ƙotar hauya, yana jin na ce desan ya ɗago. Ya ce, "Wa ya ce da kai hutu ne? Lakwal ta riƙe ka ɗari da bazara, yanzu da gona ke nemanka sai ka tahi daji wasa da gawayi?" Kada ka ɗauka mugu ne. Babban hutun lakwal, wato makaranta, a ƙasarmu kan noma yake faɗawa, kuma gidan da ya rasa hannu ɗaya lokacin maimai, wato noma na biyu, rumbunsa ne zai ba da labari da rani. Na san haka sarai. Sanin bai hana ni kumbura ba.

Inda nake kai kumburina kullum ɗakin Kaka ne, mahaifiyar Baba. Doguwa ce siririya, kunne ya fara nauyi amma baki bai gaji ba. A kowane kunci tana da zane biyu dogaye, sun tashi daga gefen baki sun tafi har gindin kunne, zanen Arawa ke nan. Baba ma yana da su. Mu ne ba mu da. Tun yana saurayi ya tafi cin rani can kudu bakin teku, ya dawo da 'yan kaya da kuma rantsuwa cewa aska ba za ta taɓa fuskar ɗansa ba. Bai taɓa gaya mana abin da aka ce masa a can ba. Maganar zane a gidanmu ta zama kamar tsohuwar rijiya a tsakar gida, kowa ya san inda take, kowa yana kewayewa. Kaka kaɗai ke taɓa ta, ita ma ta hanyar tsokana. Ka san wasan kaka da jika, mijina take ce mini. Sai ta shafa kumatuna ta ce, "Kai, Allah ya haɗa ni da miji mai huska awa bayan ƙwarya."

Ran nan ta same ni na haɗa kai da gwiwa a bakin gadonta, ta ce mi ya hwaru. Kaka ba ta san wani desan ba, don haka na ɗaga murya na yi mata da Hausa. Na ce za a kai yara daji wajen zane, Baba ya hana ni.

Ta ajiye mazarin da take kaɗi. "Zane?"

"Zane, Kaka."

"Wa za ya yi?"

"Wani gwani ne daga Yamai. An ce duk ƙasar ba kamarsa."

"Da sanin hukuma?"

"Ai malaman lakwal ne suka shirya."

Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ina da rabon ganin wagga rana." Ta tambaya don me sai a daji, don me har makonni. Kafin in amsa ta amsa wa kanta. Ta ce daidai ne, abin babba ba kamar na jariri ba ne, yana son lokaci da wurin da ba hayaniya. Ni kuwa sai gyaɗa kai nake. Na ɗauka tana nufin kan babba ya fi taurin koyo. Wallahi ban kawo komai a raina ba, murna kawai nake na sami mai goya mini baya.

Ta tashi ta nufi zaure, ni kuma na laɓe bayan danga. Na ji ta ce wa Baba, "Yaro za ya tahi wajen zanen nan." Baba ya ce gona fa, Inna? Ta ce kunyoyinsa na wuyana. Ya ce, "Inna, mi ya haɗa ki da wanga abu?" Ta ce, "Kai ne abin bai dama ba. Ni ya daɗe yana cin raina." Baba ya rasa gane kan maganar, ita kuma ta yi mamakin yadda bai tuna mata da rantsuwarsa ba. Kalma ɗaya suke faɗi, kowa da abin da yake nufi. Baba ba ya ja da uwarsa. Ya kira ni ya ce, "Maganar Inna ce ta kai ka. Ran da ta ce ka dawo, ko lomar tuwo ce a hannunka, aje ta ka dawo."

Sai daga baya na ji yadda ta cika alkawarin kunyoyin. Tana da gamana, 'yar gonarta ta kanta, inda take gyaɗa da kuɓewa da yakuwa, daga nan take samun na goro da na sabulu. Ta bar gamanar, ta ɗauki hauyata ta shiga layin maza a gandu. Tsohuwa mai jikoki! Baba ya yi ya yi, ta ƙi fita.

Mu kuwa mota ta sauke mu inda hanya ta ƙare, muka ƙarasa da ƙafa, tabarmi a ka. Wurin gindin wani jan dutse ne mai shimfiɗaɗɗen kai, irin na ƙasarmu. A ƙasansa fadama ce kore shar, da tafki cike da ruwan sama, bado ya rufe rabinsa. An kafa tantuna, namu maza a gefe, na 'yan mata can wajen madam da mata biyu masu girki. Nesa kaɗan akwai ruga. Da safe matan Fulani su kawo nono, shanu su bi ta gefenmu zuwa tafki suna numfashi mai ɗumi, raɓa ta jiƙe mana ƙafar wando. In an yi ruwa ƙamshin ƙasa da na ganyen sabara ya cika tanti. Sauro kuwa kada ka tambaya, mun ciyar da su ba rowa.

Gwanin nan Mushe muke ce masa, kamar kowane malamin lakwal. Gajere ne baƙi, kullum da malfa, Babarbare ne daga gabas aiki ya kai shi Yamai. Fuskarsa cike take da nasu zanen, sirara a tsaitsaye, reras. Ranar farko ya raba mana takarda da kireyo, wato fensir, ya nuna wani gawo a bakin fadama ya ce mu zana. Muka duƙufa, kowa yana so ya nuna shi ma ba baya ba. Da muka gama ya karɓa, ya soke takardun a jikin zana da ƙaya, ya ce to yanzu ku juya ku dubi itacen. Muka juya. Gawon nan tsirara yake, ko ganye ɗaya babu. Ai gawo da damina yake zubar da ganye, kowane ɗan ƙauye ya san wannan. Ni da na yi kiwon awaki a gindin gawo, nawa ganyen ya fi na kowa yawa. Mushe bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kun zana itacen da ke cikin kanku. Na gabanku yana nan yana jira."

Daga ranar muka koyi zama mu dubi abu har ido ya gaji kafin hannu ya motsa. Launi ma ba daga kanti ya zo ba. Mu muke haƙo jar ƙasa a gindin dutse da farar ƙasa a bakin tafki, mu ƙona itacen sabara don gawayi, mu dafa karan dafi don ja, mu jiƙa ƙaro mu zuba don launin ya kama takarda. Abin shafawa kuwa asuwaki ne, ka tauna bakinsa ya yi laushi. Hannuwanmu sun rine, rigunanmu sun tashi daga aiki. Wata yarinya 'yar Tibiri ta zana saniya, makiyayin ya leƙo ya gane ta nan take, har ya faɗi wadda ta haife ta. A wurin nan ne karo na farko da nake zane babba ya tsaya a kaina ba don ya mare ni ba. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, har in na idar da salla nakan roƙi Allah kada kwanakin su yi sauri.

Muna tsakiyar zaman, wata hantsi, sai ga amalanken jaki yana gangarowa ta hanyar shanu. Ɗan baffana ke kora, a bayansa wata tsohuwa zaune cak ta rungume ƙunshi. Na yar da kireyo na ruga. Kaka ba ta amsa gaisuwata ba. Tana saukowa ta kama haɓata, ta juya fuskata dama, ta juya hagu.

"Ba a zo kanka ba?"

Na ce, "Kan mi, Kaka?"

Yara sun taru ganin baƙuwa. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa sumul. Ƙunshin ya ɗan kwance a hannunta, na ga gwangwanin man shanu, na ga ƙullin tsumma da baƙin tukunya a ciki, ta kankare ta tankaɗe ya yi laushi. Su ake sa wa sabon zane don ya yi baƙi ya warke. Sai a lokacin abin ya faɗo mini.

Ta ce, "Ina wanzamin?" Mushe ya ƙaraso. Da ta ga fuskarsa sai ta ɗan saki rai, ta ce, "Babarbare ne? To ai kun san aska. Ina take?" Mushe ya dube ni, ya dubi gwangwanin, ya dubi kumatunta, na ga ya gane. Amma wani yaro ɗan birni mai rawar kai ya riga shi. Ya ɗaga kireyo sama ya ce, "Ga askar nan, Kaka! Kan takarda muke yi!" Yara suka kwashe da dariya. Madam ta daka tsawa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ban taɓa ganin fuskar kakata haka ba. Ba fushi ne ya fara zuwa ba, kunya ce. Ta sha jijjigar amalanke tun asuba, ta zo yara ƙanana suna yi mata dariya. A lokacin ne na lura da tafin hannunta, duk ya yi bororo ya fashe, aikin hauyata. Ta ɗaure ƙunshinta a hankali, ba ta dubi kowa ba. Ta ce, "Na bar gyaɗata ga ciyawa don wasan ɗiya. Naɗo tabarmarka mu tahi."

Na shiga tanti ina naɗe tabarma ina kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa maka. Na san maganar ba ta da ɗaukaka ƙara. Ita ta kawo ni, ita ta ce in tashi. Kuma ko da ina da bakin roƙo, da wane ido zan roƙi mai hannuwan nan?

Da na fito, na tarar Mushe ya cire malfa ya tuɓe takalma, ya tsuguna gabanta a inuwar wata tsamiya, an kawo mata fura ba ta taɓa ba. To, akwai abin da ya kamata ka sani. Arawa da Barebari taubasai ne tun kaka da kakanni. Ba a fushi da maganar taubashi, ba a kuma tashi a bar shi yana magana. Sai na ji Mushe yana cewa, "Ni dama na san Arawa ƙidaya ta gagare ku. Layi biyu kawai, sai kuka gaji." Kaka ta dube shi sheƙeƙe, daga sama har ƙasa. Ta ce, "Gara mu. Kai taka huskar awa kaza ta yi tono." Mushe ya yi dariya har ya zauna daɓas a ƙasa. Ta so ta riƙe fushinta, gefen bakinta ya ci amanarta.

Ta kurɓi furar. Sannan ta sassauta murya, amma mai nauyin kunne ba ya iya raɗa, duk na ji. Ta ce, "Wanga yaro boko za ya ɗauke shi, na gani. Yau Dogon Dutsi, gobe Yamai, jibi Allah kaɗai ya sani. In ya hwaɗi a wani gari, wa za ya dube shi ya san inda za a maida shi?" Ina tsaye da tabarma a hammata na gane cewa tsokanar bayan ƙwarya ba tsokana ba ce, tsoro ne. Mushe ya ce, "Ni ma ɗiyana ba su da shi, Inna. Ba ni da amsar wannan." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma kafin jaki ya huta, ki ba mu aron fuskarki. Yaran nan sun gaji da zana shanu. Taubashi ke roƙo." Ta ce au, da shanu ka haɗa ni? Amma ta gyara ɗaurin kallabi, ta miƙe wuya.

Muka zauna kewaye da ita, tsit, har mai rawar kan nan ya nutsu. Tabarmata tana naɗe a gefena. Na dubi kakata yadda aka koya mini duban gawo, sai na ga ban taɓa ganinta ba. Ashe idonta na hagu ya ɗan fi ƙanƙanta. Ashe hujin kunnenta ya ja ƙasa saboda nauyin 'yan kunnen ƙuruciya. Na sa duk wannan, na sa tamojin goshi, na sa kallabi. Da na zo kumatu sai hannuna ya tsaya. A gidanmu ba a kallon wurin nan.

Ba ni kaɗai ba. Da ta gaji da zama ta tashi tana zagayawa tana leƙa takardu, yawancin yaran sun bar kumatun sumul. Ba raini ba ne. Bayan dariyar ɗazu kowa nauyi yake ji, kowa yana ganin ƙin taɓa wurin shi ne ladabi. Ta leƙa ta farko ta ce wagga ɗiyar wa ce? Ta leƙa ta biyu ta ce wagga kuma baƙuwa ce, a ba ta ruwa. Ta zo kaina ta daɗe a sunkuye. Ta ce, "Idon nawa ne. Hancin nawa ne. To ina ni?"

Ta durƙusa, ta kama ɗan yatsana ta ɗora a gefen bakinta, ta ja shi a hankali har gindin kunne. Da ina tsammanin rami ne. Ashe ɗan tudu ne mai santsi, kuma ba a miƙe sak yake ba, yana ɗan lanƙwasa sama in ya kusa kunne. Ta mayar da yatsan ta bi na biyun. Na ɗauki kireyo, ta ture hannuna, ta ce wanga ba ya da baƙi. Ta kwance ƙullin tsumman nan ta ce, "Da wanga ake yi." Mushe ya kawo ruwan ƙaro a sakaina muka dama. Na fiƙe tsinken kara na tsoma, na ja biyu a dama, na ja biyu a hagu.

Ta karɓi takardar ta miƙa hannu nesa da idonta. Ta daɗe. Ba ka jin komai sai kwaɗi a tafki. Can ta ce, "Wagga ai innata ce." Mahaifiyarta ta rasu tun Kaka tana amarya, kuma a zamaninsu ba hoto. Hawaye ya gangaro mata, ta sa gefen mayafi ta share. Ta ce, "Ashe ana yinsa ba jini, ba kuka." Mushe ya ce kuka kam ga shi kina yi. Ta ce rufe mini baki, Babarbare.

Sannan ta sa ƙafa ta ture tabarmata. Ta ce, "Maida ta. Hannunka bai nuna ba tukuna, dubi kunnen da ka yi mini awa na jaki." Ban san lokacin da na rungume gwiwoyinta ba. Man shanun ta ba masu girki, ranar muka ci shinkafa da wake har muna lasar hannu. Baƙin tukunyar ta bar wa Mushe. Takardar kuwa ta naɗe ta cusa cikin zanenta, ta hau amalanke, ta gargaɗi ɗan baffana kada ya kai labarin nan gida.

Kafin magariba duk ƙauye ya ji. Tsofaffi sa'o'inta sun tsokane ta da shi har ƙarshen ranta, ita kuma ba ta taɓa barin bashin magana ya kwana ba. An ce Baba kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya shiga ɗakinta ya dubi takardar ya fito. Washegari ya kwashi ƙannena suka shiga gamanarta, suka ceci abin da ciyawa ta rage. Gyaɗar shekarar ba ta yi abin kirki ba. Kaka ba ta taɓa yi mini gorin ta ba, ko sau ɗaya. Ni kuma na zauna a gindin dutsen nan har ranar da aka kwance tantuna.

Abin da ta aike ni nema ban kawo mata ba, fuskata tana nan yadda take. Kuma gaskiyarta, boko ya ɗauke ni. Yau a Yamai nake, ina koyar da desan a kolej, ina zana hotunan littattafan yara, da abin da na sha duka a kansa nake ci da iyalina. Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta. Mushe na ji ya koma gabas, ban sake ganinsa ba. In yana raye Allah ya saka masa, in ya riga mu Allah ya yi masa rahama. Na bi ta wurin nan ba da daɗewa ba. Dutsen yana nan, amma fadamar ta zama lambuna da injin ban ruwa, rugar ta tashi. A ajina babu yaro ko ɗaya mai zane a fuska, kuma ba na kewar askar. Na riƙe jaririna a hannu ranar suna, na san ba zan iya ba. Sai dai in na ga tsoho a kasuwa da layi biyu a kunci, nakan gaishe shi gaisuwar ɗan gida, shi kuma ya yi mini kallon baƙo har sai ya ji harshena.

Bara bayan girbi na kai yara gida. Baba ya tsufa, hauya ta gagare shi, a zaure yake wuni. Ɗiyata ta ɗauke shi hoto da waya ta nuna masa. Ya kai wayar kusa da ido, ya duba ya duba, ya miƙa mata ya sa mata albarka. Da yaran suka fita sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wayar nan ba ta gani." Ya ce, "Kana da takarda?"

Na ɗauko. Ban taɓa tsura wa fuskar ubana ido ba, ba a yi. Da na ɗago na duba sai na gane abin da yake nufi. Fatar ta saki, tamoji ya hau tamoji, zanen ya shige ciki da ƙyar ake rarrabewa.

Ya ce, "Tsuhwa ya cinye su. Amma kai ka san inda suke."

Na ce, "Duka, Baba?"

Ya ce, "Duka. Kada ka rage mini ko ɗaya."

Ya gyara zama a kan buzu, ya juya mini kuncinsa na dama wajen hasken ƙofa.